Zuciyar Sa a Kwanon Duna

A zuriyarmu, in ɗa ya ɓata wa ubansa rai, ba da baki ake ba da haƙuri ba. Dabba ake yankawa, a ciro zuciyar sukutum, a sa a ƙwarya a rufe da faifai, ɗan ya kai da hannunsa. In uban ya karɓa ya gasa, ya gutsura ya miƙo masa saura, magana ta mutu. Haka muka tarar tun kakanni, kuma ba malamin da ya taɓa hana mu.

Ƙanena Hafizu kuwa laifinsa ya isa sa guda. Ana tsakiyar noma ya tsallake ya tafi Abijan, ya bar Baba Barmo da gona da ciwon gwiwa, ya yi aure can bai ko aiko ba. Da shekaru suka tura ya dawo ƙauyenmu na bayan Karofane da matarsa Aziza, Baba ya ce kada ya taka masa zaure. Sai suka sauka gidana, ni Ummukulsum yayarsa, da ma ni ake jibga wa duk abin da ya lalace.

Hafizu ya sayo jan sa mai tozo a kasuwar Buza, aka yanka da hantsi. Ni da kaina na wanke ƙwarya, na sa zuciyar, na rufe, na ajiye a inuwar rumbu. Shi kuma ya shiga wanka don ya sa farar rigarsa. Aziza haifaffiyar Abijan ce, ba ta san al'adar ba. Mijinta girman kai ya hana shi gaya mata, ni kuma na ɗauka ya gaya mata.

Baba yana da wani tsohon baƙin kare, Duna. A da shi ke korar dila daga garken awaki, amma yanzu haƙarƙarinsa duk a waje. Mutane har gulma suke yi wai tsoho yana hira da kare. Ƙamshin nama ne ya jawo shi gidana ranar.

Na fito daga madafa in ɗauko ƙwarya, sai na ga faifai a ƙasa, ƙwarya wayam. Na leƙa bayan rumbu. Aziza ce a tsugune da wuƙa, ga 'yar tukunya tana tururi, ga zuciyar an datse kitsen an yanka ta gunduwa-gunduwa, ga Duna ya tusa kai cikin kwano yana kaɗa wutsiya.

Ihun da na yi, har maƙwabta sai da suka leƙo ta katanga. Gwaggo Altine, ƙanwar Baba, ta saki ludayi cikin miya tana salati. Matan da suka zo taya mu girki suka yi cirko-cirko.

Na ce, "Ke! Mi kinka yi haka?"

Ta ɗago ido ba ko ɗar. "Yaya, ai na ga an ware ta ne. Gidan da na yi aiki, madam, uwargidan, likitar dabbobi ce, zuciya in an ware ta, ta karnuka ce. Tsoka ce zalla, tana sa musu ƙarfi. Kaɗan na haɗa masa da tuwo, ba a cika musu. Sauran na gobe ne."

Na gobe! Har tanadi ta yi masa. Wallahi na rasa ko duka zan kai mata ko kuka zan yi.

Hafizu ya fito yana gyara wuyan riga. Ya dubi kwanon, ya dubi matarsa, sai kawai ya zauna daɓas a ƙasa da farar rigar. Tsoro ya kama ni sosai, don na san halin su biyun, shi da Baba. Wannan zai koma Abijan ba waiwaye, wancan kuma zai mutu bai kira sunansa ba.

Gwaggo Altine ta ce a ruga wurin mahauci a samo wata a rufe zancen. Ba ta rufe baki ba muka ji ƙwas-ƙwas ɗin sanda. Baba ne, ya biyo sawun karensa, shi da bai leƙo gidana ba tun saukar baƙin.

Ya tsaya ya kalli ƙwarya da faifai. Ba sai an yi masa bayani ba. Ya daɗe yana kallon Duna yana lasar kwano.

"Wa yab ba shi?"

Aziza, da sai yanzu ta gane ta taɓo babba, ta durƙusa. "Ni ce, Baba."

"Tun da anka yanke hatsi bai ci abin kirki ba. Tuwo ma shinshinawa shikai ya bari." Ya nuna tukunyar da sanda. "Ɗiyata, ƙaƙa akai mata?"

Muka dubi juna. Ita kuwa murya can ƙasa ta faɗa masa: a cire kitse, a tafasa ba gishiri ba yaji, a yanka ƙanana, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan cikin abincinsa. Baba yana gyaɗa kai kamar mai sauraren wa'azi.

Sannan ya yi magana da Hafizu, amma bai dube shi ba.

"Zuciya ta isa ga wanda yaz zamna da ni. Da ƙahwata tak kumbura, shi ka kwana bakin ɗakina. Kai kana ina?"

Hafizu ya kifa kai a gwiwa yana kuka. Ban taɓa jin tausayinsa kamar ranar ba.

"Taka ban amsa ba," in ji Baba. "Amma duk ran kasuwar Buza ka sawo zuciya, ka kawo gidana da hannunka, ka zamna zaure har ya canye rabonai na ranar."

"Har yaushe, Baba?"

"Har ni ko shi wani ya riga wani."

Ya juya ya fita, Duna ya bi shi yana lashe baki.

Garin nan an yi surutu har an gaji. Liman ya girgiza kai, mahautan Buza kuwa da sun hango Hafizu sai su ɗaga murya, "Ga yaron Duna nan ya iso!" Ya shanye, bai taɓa fashi ba. Aziza ce ke dafawa, shi ya ɗauka ya kai. Kare ya murmure, gashinsa har sheƙi yake yi. Uba da ɗa kuma suna zaune a zaure, wannan gefe, wancan gefe, maganarsu ba ta wuce ta damina da farashin taki.

Makon jiya Baba ya aiko ni wurin Aziza da saƙo. Wai ta ƙara yanka naman ƙanana, ta riƙa zubawa a faffaɗan kwano, don Duna yana saurin gamawa.