Yatsu Uku a Gefen Allo

Bidiyo ɗaya tak suke da shi na Mama tana dariya, kuma a kwance aka ɗauke shi. Aikin Mai Kwamfuta ne wannan. Ita ce ta tsakiya a 'ya'yan gidan, ita ce kuma ta zauna da Mama tun da ciwo ya kwantar da ita. Sana'arta haɗa wa masu shaguna bidiyon talla, a kan wani tebur da ta jawo bakin ƙofar ɗakin Mama don ko tari aka yi ta ji. Kamar duk mai wannan sana'a, ba ta iya ganin mutum ya ɗaga waya a tsaye zai ɗauki taro ta yi shiru. Ranar da Babban Yaya da Auta suka zo dubiya, abin da ba kasafai ake gani ba, ta miƙa wa maƙwabciya waya ta ce, "Kwantar da ita don Allah, kowa ya shiga."

Kowa kuwa ya shiga. Mama a tsakiya kan kujerarta mai hannu, Babban Yaya ya sunkuyo ta hagu har gemunsa na taɓa ɗankwalinta, Auta ta manne ta dama. Mai Kwamfuta kuwa, lokacin magani ya yi, ta je ɗebo ruwa, ta dawo ta tarar wuri ya cika. Sai ta tsaya can ƙarshen dama, jikin labule, tana miƙo kofi ta gaban Auta. Mama ta juyo ta dube ta, ta yi dariyar nan, ta ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yar nan. Ba don ke ba da na wulaƙanta."

Mama ba mai yabo ba ce. Duk shekarun wankin zanen gado, da juya ta kada bayanta ya yi gyambo, da shan faɗa in ruwan wanka ya huce, ba ta taɓa furta irin wannan ba sai ranar. Mai Kwamfuta ba ta da wata shaida a duniya da ta wuce wannan.

Bayan rasuwa, da masu gaisuwa suka ragu, Babban Yaya ya zo ya tsaya a kanta, hannu a aljihu.

"Ki gyara mana bidiyon nan a tura wa dangi. A tsaye nake so, ya cika fuskar waya. Yanzu wa yake juya waya?"

"Yaya, a kwance aka ɗauka. Faɗi kashi sha shida, tsayi tara. Fuskar waya a tsaye kuwa faɗi tara ne, tsayi sha shida. Ba zai shiga duka ba."

"To ki sa ya shiga. Ba aikinki ba ne?"

Ta yi abin da ake yi. Ta rage hoton duka har faɗinsa ya zauna a fuskar wayar, sama da ƙasa suka zama baƙi. Su huɗu suna nan, ƙanana dai, amma suna nan. Ya karɓa ya nisanta wayar daga ido, ya yamutsa fuska.

"Wannan baƙin kamar an ɗauke wuta fa? Gwaggo da ciwon idonta ai ba za ta ma gane Mama ba."

Ta matse hoton daga gefe da gefe don ya ga da idonsa. Fuskoki suka zama dogaye kamar a bayan cokali. Auta, da ke kwance kan gadon Mama tana latsa waya, ta leƙo ta kwashe da dariya. "Wallahi Anti kar ki mai da ni sanda."

Saura yanka ke nan. Lissafin ba ya buƙatar takarda, kullum shi take yi. Hoton ɗigo dubu ɗaya da ɗari tara da ashirin ne a faɗi, dubu ɗaya da tamanin a tsayi. In za a cika fuskar waya, tsayin yana nan yadda yake. A raba shi gida sha shida, a ɗauki tara, faɗin da zai rage ɗari shida da takwas ne. Ko kashi ɗaya cikin uku bai kai ba. Ta ja akwatin yankan zuwa dama, ta ja, ta ƙara ja. Daga fuskar Mama zuwa jikin labule ya fi ɗari takwas. In ta shiga, Mama ta fita. Ta so a ce mugunta wani ya yi mata, ta samu wanda za ta riƙe, amma babu, lissafi ne kawai.

"In na yanka ni zan fita, Yaya."

"Haba, ke da kike gida kullum? Kowa ya san ki."

Ta dube shi.  Me za ta ce? Ta ce a bar ta a ciki don a ga ita aka yi wa addu'a? A gidan makoki, a ce tana rigima kan hoto? Ta mayar da akwatin tsakiya da hannunta, ta danna.

Ya fito tsaf, don ba ta iya aikin banza ba ko da ranta a ɓace. Fuskar Mama ta cika waya, gemun Yaya ta hagu, kuncin Auta ta dama. Mama ta juya dama, ta yi dariya, ta sa albarka. A daman kuwa Auta kaɗai ake gani. Abin da ya rage na Mai Kwamfuta yatsu uku ne da rabin kofi a ƙasan gefen allo.

Kafin la'asar guruf ɗin dangi ya cika. "Auta kin dace." "Autar Mama, kin gama da duniya lafiya." Kawu ma da ba ya rubutu ya turo murya, yana kuka yana cewa 'ya'ya su yi koyi. Mai Kwamfuta ta zuba wa Auta ido tana jira. Kalma ɗaya ce, ta ce ba ni ba ce. Auta ta ɗora babban yatsanta a kan waya, ta rubuta "Amin, na gode", ta juya ta fuskanci bango.

Abin ya ci Mai Kwamfuta, ba ƙarya. Ta ɗauko na asalin, mai faɗin, ta tura ba tare da ta rubuta komai ba. Ya sauka cikin guruf ɗan siriri. Wanda duk ya juya wayarsa zai gan ta tsaye jikin labule, zai ga inda idon Mama ya sauka. Wata 'yar kawu ta amsa, "An riga an turo wannan ai, wancan ya fi fitowa." Saƙonnin amin suka bi ta kansa suka tura shi sama.

Tana naɗe ledar da ake shimfiɗa wa Mama a ƙarƙashin zanen gado sai waya ta yi ƙara. Gwaggo ce, ƙanwar mahaifinsu, wadda ke zaune nesa, ba ta samu zuwa ba.

"'Yar nan, na kalla na sake kalla, na yi kuka har na gaji. Aikinki ya yi kyau, kamar in taɓa ta."

"Na gode, Gwaggo."

"Sai dai abu ɗaya ya tsaya min a rai, kuma in ban faɗa miki ba wa zai faɗa? Yayanki ya baro aikinsa ya zo, Auta ta zo. Ke da kike gari ɗaya, gida ɗaya, ina kika shiga ranar? A ce har ruwan magani sai 'yar aiki ce ke miƙa mata?"

Mai Kwamfuta ta dubi hannunta na dama, fatar yatsun duk ta tsattsage da sabulu.

"Ina nan, Gwaggo," ta ce. "Ina gefe."

"To ai shi ne," in ji Gwaggo. "Uwa ba a tsaya mata a gefe. Ga shi yanzu ta tafi."