Kumfar Ɗan Gayu

Wanda aka ware shi kaɗai saboda ba ya iya zama da ɗan'uwansa sai an zub da jini, hukunci aka yi masa ko tausayinsa aka ji? Ni dai ban sani ba. Tsohon Kuku ma bai sani ba, ko da yake tambayar kan dawo masa duk safiyar da ya tsaya gaban ɗan akwatin gilashin da ke kan teburin falonsa.

Kifi ɗaya ne a ciki, bai kai yatsa ba, ja wur, da jela baza-baza kamar yadin siliki. Masu sayarwa suna ce masa beta, matar Kuku kuwa Ɗan Gayu take kiransa. Na autansu ne. Auta bakanike ne, kuma ran da gardama ta haɗa shi da abokin aikinsa a gareji, sifana ya ɗaga ya sauke masa a fuska. Mutumin ya rayu, ido ɗaya ya tafi. Aka kai Auta gidan yari. Uwar ba ta fashin ranar ziyara, amma Kuku ya ce ƙafarsa ba za ta taka wurin ba.

"Wuƙa na riƙe tsawon rayuwata," in ji shi, "ban taɓa nuna ta ga mutum ba. A ina ya koyo?"

Kifin dai bai yi laifin komai ba, don haka Kuku ya ɗauki nauyinsa, ya kuma kula da shi yadda ya saba kula da tukunya a otal ɗin da ya yi wa aiki har ya tsufa. A wurinsa duk kumfar da ta taso saman ruwa datti ce. To Ɗan Gayu kullum sai ya tara wata 'yar kumfa a kusurwa, ƙananan ƙwayoyi manne da juna. Kuku ya ɗauko cokali ya kwashe ta tas. Washegari ta dawo. Ya kwashe. Da ya ga abin ya ƙi ƙarewa sai ya riƙa juye kifin a kofi, ya zubar da ruwan gaba ɗaya, ya dirje gilashin da soso, ya cika shi daga famfo. Abinci kuwa, mai dafa wa taro bai iya zuba kaɗan ba.

"Malam, wankan nan bai yi yawa ba?" matar ta tambaye shi. "Ko ni ba na samun irinsa."

"Ke ai ba kya kumfa."

Sannu a hankali jan jikin kifin ya koɗe. Ya naɗe jelarsa, ya koma ƙasa bayan dutse ya kwanta, ba ya tasowa sai in zai shaƙi iska. Kumfar ma ta daina fitowa. Kuku ya so ya yi murna, amma ya kasa.

Wata ranar ziyara matar ta dawo da la'asar, ta zauna tana murza ƙafa.

"Ya tambayi kifinsa."

Kuku ya yi kamar bai ji ba.

"Na ce masa babanka yana nan yana yaƙi da kumfa. Malam, sai yaron nan ya dafe kai. Ya ce ba datti ba ce, gida ne."

"Gidan wa?"

"Na 'ya'ya. Wai namijin ne ke ginawa da bakinsa, ɗaya bayan ɗaya. In an samu ƙwai shi ke tsaro, wanda ya faɗo ƙasa ya bi shi ya ɗauko ya mayar."

"Waɗanne 'ya'ya? Shi kaɗai ne a ciki."

"Haka na ce. Ya ce shi kifin bai san da haka ba. In yana da lafiya ginawa kawai yake yi."

Kuku ya dubi cokalin da ke gefen akwatin. Safiya nawa ya rushe wa halittar nan aikinta, yana jin daɗin ya yi tsabta? Ya ɗauke cokalin ya kai kicin, ya daɗe yana wanke shi ba tare da dalili ba.

"Sai mu samo masa abokin zama," ya faɗa daga can. "Kaɗaici ne ke cinsa."

"Kul! Ya ce in ka saka wani namiji, kafin ka juya sun yayyaga juna."

"Ashe shi ma ɗan gidan ne."

Matar ba ta yi dariya ba, shi ma bai yi ba.

"To ruwan fa? Me ya ce?"

Nan ta rikice. Auta ya yi bayani da yawa, ga hayaniya, ga gandiroba yana buga ƙarfe. Ta tuna ya ce a bar ruwan famfo ya kwana kafin a zuba, kada a cire murfi don yana tsalle, abinci ɗan mitsitsi. Amma rabin ruwan za a canza ko ƙasa da haka, da ɗumi ko da sanyi, ta manta.

"Ke kuwa! Saƙon kifi ma ya gagare ki?"

"Kifi na je gani? Ɗana na je gani. Ya rame, Malam, wuyansa kamar na kaza. In bayani kake so, ka san inda mai bayanin yake."

Kuku ya yi iya abin da ya ji. Ya tara ruwa a bokiti ya bar shi ya kwana, ya ɗebe kaɗan ya ƙara kaɗan, ya matsar da akwatin daga bakin taga, ya rage hannu wajen abinci. Kifin bai mutu ba, bai kuma warke ba. Yakan taso ya dubi ƙwayar abinci, ya ɗauka ya tofar. Kuku ya ja kujera ya zauna yana kallonsa, yana tunanin mutumin da ya rasa ido, wanda ba wanda zai mayar masa. Ya ga cewa in ya tafi ziyarar Auta kamar ya ce abin ba komai ba ne. In kuma ya zauna, bai ga abin da zaman nasa ya ƙara wa mai ido ɗaya ba. Ya juya maganar ta kowane gefe, ba ta ba shi amsa ba.

Da wata ranar ziyarar ta zagayo, matar ta fito da kwandonta ta same shi a bakin ƙofa, ya saka takalmin da ba ya sakawa sai za shi wuri mai muhimmanci.

"Ina zuwa haka?"

"Tambaya zan yi a kan ruwa. Ke ba kya riƙe magana."

"Ruwa kawai?"

"Kawo kwandon nan, ya yi miki nauyi."

Ya karɓa, ya ɗaga murfin kular abincin ya sunsuna, ya ɗanɗana, ya yamutsa fuska.

"Gishiri ya yi kaɗan. Yaron nan da gishiri yake so."

Ya koma kicin da sauri ya ƙara, ya fito ya riga ta kaiwa bakin titi.