Littafin da Ke Bayan Taswira

Wata biyu malamar laburare ta yi tana zaɓen littattafan. Makaranta ta ce ta sayo labaran matasa guda talatin, ita kuwa ta ɗauki abin kamar zaɓen suruka, kowanne sai ta karanta shi daga bango zuwa bango. Ta samo labarin yaro mai in'ina, da na yarinya zabiya, da na mai tafiya da sanduna, da na wadda mahaifinta ke gidan yari. Niyyarta kyakkyawa ce, ba mai musu. Sai dai ta tara su duka a kanta ɗaya dab da ƙofa, ta yanko kwali ta rubuta da jan alƙalami: "Labarai Irin Naku."

Ɗalibai suka riƙa kewaye kantar kamar an zuba ruwan zafi a gabanta. Wa zai tsaya nan, duk mai shigowa ya gan shi? Ga kuma kati a bayan kowane littafi, mai aro ya rubuta sunansa da ajinsa, wanda ya ara bayansa ya karanta. Malama dai ta yanke hukunci cewa yaran yanzu ba sa son karatu, ta ci gaba da goge ƙura.

Littafi ɗaya ne ya ƙi zama a wurinsa, na yarinyar da mahaifinta ke gidan yari. Kullum sai malama ta tsince shi a kantar ƙarshe, bayan manyan littattafan taswira da ba mai taɓawa. Ta mayar, washegari ya koma. A karo na uku ta buɗe shi, ta ga an sa alama da wata 'yar takarda a ninke. Takardar izinin ziyarar ɗaurarre ce, mai kwanan watan Asabar da ta wuce.

Bayan kwana biyu ta gane mai ita. Wata 'yar aji huɗu ce da ake kira Doguwa, wadda ke gaya wa ƙawayenta babanta yana aiki a ƙasar waje. Lokacin tara takan tsaya can ƙarshe, ta buɗe ƙaton littafin taswira, ta sa ƙaramin a ciki.

"Kina so ki ara ne?" in ji malama.

"A'a, Malama. Taswira nake dubawa."

Daga ranar malama ta daina mayar da littafin.

Shugaban makarantar mutum ne mai son ƙa'ida, ko tari zai yi sai ya duba agogo. Dokarsa ita ce a ƙarshen zango duk littafin da katinsa ba suna a zuba shi a kwali a kai sito, a ba littattafan jarrabawa wuri. Ya zo da kansa lokacin tara, yana zaro kati yana jefa littafi. Ashirin da tara suka shiga kwali, malama tana tsaye, kunya ta ishe ta, don a lokacin ta riga ta san laifin wa ne.

"Talatin aka saya," in ji shi. "Ina ɗayan?"

Doguwa tana can ƙarshe da littafin a hannu, ta ajiye shi a saman kantar ta koma bakin taga. Shugaba ya hango ya ɗauko, ya zaro katin.

"Shi ma fari fat. Ko mutum ɗaya bai are shi ba."

Gefen shafukan duk ya yi baƙi da yatsa. Da malama ta nuna masa, sai ya tambayi wa ke karantawa, kuma ɗalibai kusan ashirin ne a ɗakin, kunnuwa a buɗe. Ta miƙa hannu ta karɓi katin, ta rubuta sunanta a layin farko.

"Ke ma kin koma karatun yara?" Ya yi dariya.

"Yallaɓai, shekara shida na yi ina bin mahaifiyata ziyarar mahaifina duk Asabar, a irin wurin da ke cikin littafin nan. Ban taɓa samun wanda ya rubuta abin yadda yake ba sai shi."

Shekararta goma sha biyu a makarantar, ko kujerar da take zama ba ta taɓa jin wannan magana ba. Shugaba ya gyara murya, ya duba agogo, ya ce a kai kwalin sito. Kafin a tashi, labarin ya kai ɗakin malamai, ta kuma ji zafinsa.

Ta cire kwalin jan alƙalami ta jefa a kwandon shara. Littafin kuma ta kai shi bayan taswira da hannunta.

Ranar ƙarshe ta zango, bayan ɗakin ya watse, Doguwa ta zo gaban tebur da littafin a ƙirji. Ta daɗe tana kallon katin.

"Malama, da ya fito, kin gane shi?"

"Na gane shi. Shi ne bai gane ni ba, na yi tsawo."

Yarinyar ta sunkuyar da kai, ta goge ido da bayan hannu. Ta ɗauki alƙalami ta rubuta sunanta a layi na biyu, da haruffa ƙanana ƙwarai, sannan ta tambaya ko za a bar mata shi har a dawo hutu.