Wasiƙun da Norman Ya Ɓoye

"Kada ki buɗe, Glenda. Don Allah kada ki buɗe."

Norman ne ke magana daga bayan kujerar falonsa, a durƙushe, dattijo mai shekara sittin da takwas. Miyar kaza na kawo masa, ban ko ajiye kwanon ba aka ƙwanƙwasa ƙofa. Na leƙa ta labule.

"Mai kawo saƙo ne, ya ɓata lambar gida. Tashi kafin gwiwar nan taka ta ƙi miƙewa."

Ya miƙe yana dafa kujera. "Sulalla na yar, su nake nema."

Shekara talatin da ɗaya bango ɗaya ne tsakanin gidan hayata da nasa a Halifax. Wankin tagogi ne sana'arsa, da tsani da bokiti da tsohuwar farar mota. Da matarsa Jean ta kwanta ciwo, sai ya rage fita don ya yi jinyarta. Shekara biyu suna ci da katin banki, in wannan ya cika ya karɓi wani ya toshe. Da ta rasu, kuɗin jana'iza ya hau kai.

Duk wannan ban sani ba sai ranar. Gidan sanyi ƙalau, shi kuma yana cikin kwat a falonsa. Na shiga kicin in ɗumama miyar, na buɗe tandar gasa abinci, sai wasiƙun masu binsa bashi suka zubo mini a ƙafa. Ko ɗaya ba a buɗe ba.

"Nawa ne, Norman?"

"Fam dubu ashirin da uku, ranar da na daina dubawa."

Sati uku ina fama da shi kafin ya yarda ya bi ni ofishin da ake ba masu bashi shawara kyauta, a saman laburare. Ya sa rigar zuwa coci kamar mai zuwa gaban alƙali. Wata matashiya mai suna Shazia ta buɗe wasiƙun ɗaya bayan ɗaya, ta jera su a tebur. Ta ce akwai hanya: hukuma ta ayyana shi a matsayin wanda ya karye, a dakatar da masu binsa, bayan shekara ɗaya a shafe abin da ya rage.

"Su ɗaure ni ke nan," in ji Norman.

"Baba, ba a ɗaure mutum kan bashin kati," in ji Shazia.

"To, su kwashe tsanina da gadona."

"Ba a taɓa kayan sana'a, ba a taɓa gado da firiji."

"'Yata fa? Bev tana da yara biyu. Kanta zai koma."

"Ta sa hannu a wata takarda?"

"A'a."

"To, babu ruwanta."

Ya murza hularsa. Har na fara jin sanyi a raina. Sai ya ce, "Za a rubuta sunana?"

Shazia ba ta yi masa ƙarya ba. Ta ce akwai rajistar da ake sakawa, amma in ba masu ba da bashi ba, babu mai buɗe ta.

A kan matakala ya juyo gare ni. "Kin ji ko? Ana rubutawa."

"Shi kaɗai ka ji cikin duk abin da yarinyar nan ta faɗa?"

"Yarinya ce, albashinta take ci. Abokina Stan ya ce da aka yi wa surukinsa, har dardumar ƙasa aka ɓanɓare."

"Stan! Wanda ya ce maka tafarnuwa na maganin sanƙo? Ga kanka nan kamar ƙwai."

Ya yi dariya, amma bai sauko ba. Ya ce yana yaro, mahaifinsa kan tsallaka titi in ya hango wani mai sayar da nama da ya karye, kada a ga sun gaisa. "Ni kuma mutane ke bar wa mabuɗin ƙofar bayansu, Glenda. Wa zai bar wa karyayye mabuɗi?"

Takardar da Shazia ta ba shi don ya cike, cikin tanda ta ƙare tare da wasiƙun. Maimakon haka sai ya ƙara gidajen layi huɗu a kan waɗanda yake wanke wa tagogi. Likita ya riga ya ce zuciyarsa ba ta son hawa, amma kullum yana saman tsani, hannunsa ja wur saboda ruwan sanyi. Duk Juma'a yakan aika wa masu binsa, wannan fam goma, wancan fam goma, kuɗin ruwa ya cinye kafin wata ya ƙare. Na ce zan kira Bev a Leeds. Ya riƙe mini hannu ya ce in na kira ta, kada in ƙara taka masa gida. Sau nawa na ɗauki waya na ajiye, ban sani ba. Abin da na iya shi ne miya, da tsohon bargo, da faɗa.

Wata Alhamis da safe na fito zubar da shara, na gan shi zaune cikin mota a ƙofar gida, bai tayar da ita ba. Na ƙwanƙwasa gilashi. Fuskarsa ta yi toka-toka, gumi na bin wuyansa.

"Numfashi nake jira ya dawo," ya ce. "Ana jirana ƙarfe tara."

Kwana biyu ya yi a asibiti. Da na je duba shi, kafin Bev ta iso, ya yafito ni da yatsa. "Ki ƙone wasiƙun nan," ya ce. Na ce to. Washegari da hantsi ya cika.

Ban ƙone ba. Bayan jana'iza na kai Bev kicin na buɗe mata tandar. Ta zauna a ƙasa tana karantawa, sannan ta kira lambar Shazia. Aka ce mata daga abin da mamaci ya bari ake biya, in bai bar komai ba, an rufe maganar.

Ta ajiye wayar. "Minti ashirin, Anti Glenda. Minti ashirin aka gama." Ta ɗago ta dube ni. "Kin sani?"

"Na sani."

Na jira ta zage ni. Sai kawai ta shiga tattara takardun cikin leda.

Da ta tafi na fita bayan gida. Ta kan katanga na hango rigunansa biyu da safa a kan igiya, tun na ranar Laraba, ruwa ya dake su sun bushe, ya sake dukansu. Na zagaya na kwaso su, na wanke, na goge, na ninke. Suna nan a kan kujera kusa da ƙofata.