Kuɗin Ƙarƙashin Faranti

Shekara biyu Iorwuese yana cin abincin rana a rumfar Mama Jumai da ke kan hanyar Doma, kuma bai taɓa sayen nama fiye da yanka biyu ba. Amma kullum uku yake tararwa. Na ukun yana can ƙasan miya, sai ya kai loma ta huɗu ko ta biyar yatsansa ke taɓo shi. Seember, wadda ke zuba abinci a rumfar, ita take nutsa shi. Ba ta taɓa faɗa ba, shi ma bai taɓa yin godiya ba. Kowa na samun gyara in ya roƙa, shi nasa ba roƙa yake yi ba. Daga wannan yankan naman aka fara, har ta kai shi ga zuwa Ashige gaida iyayenta, aka ce ya dawo da manyansa in an haƙe doya.

Ana nan, a damunar 2004, sai abokinsa Ferdinand ya dawo garin Lafiya.

Tare suka tashi, tare suka fara dakon doya a kasuwa. Iorwuese ya tsaya har ya zama dillali. Ferdinand ya tafi Legas aikin otal, daga can aka ɗauke shi aikin kai abinci tebur a jirgin ruwan masu yawon shaƙatawa. Hutun wata biyu ya zo yi, da agogo mai kaca da wani farin takalmi da ko laka ba ya tsoro. Iorwuese da kansa ya kawo shi rumfar, abin da ya yi ta cizon yatsa a kai daga baya.

Ranar benci ya cika. Ferdinand na ba da labari, sakwararsa na hucewa.

"Jirgin hawa goma sha biyu ne. Mutane su biya kuɗi, a zaga da su teku kwana bakwai, a dawo da su inda aka ɗauke su."

"Ba su je ko'ina ba kenan?" in ji Mahmuda, direban motar Awe, wanda kujerarsa a rumfar ta fi shekara goma. "Ni in na yi wa fasinja haka ai duka zan sha."

Aka yi dariya. Ferdinand ya ce albashin ba wani abu ba ne, ambulan ne ke riƙe da su. Ranar ƙarshe ta tafiya, bayan an ci abinci, kowane fasinja zai miƙa wa wanda ya yi masa hidima ambulan da kuɗi a ciki. Marowata kuwa a ranar cikinsu ke ciwo, ba sa saukowa cin abinci. Ya ce yanzu ma an fara haɗa kuɗin cikin na ɗaki, sabis caj ake kiransa, fasinja ya biya tun bai ga fuskarka ba.

Seember ta tsaya da ludayi a hannu. "To me ya sa sai ranar ƙarshe?"

"Don daga ranar ba ku sake haɗuwa, sista. Ya ba ka, kun rabu lafiya. Kafin ya taka ƙasa ya manta sunanka."

Iorwuese bai ji amsar ba. Yana kallon yadda ta karkata kai tana saurare, yana lissafin rabon da ta tsaya masa haka da ludayi.

Da suka gama, Ferdinand ya biya na su biyun, sannan ya ɗaga farantinsa ya tura naira ɗari ƙarƙashi. Ba su kai bakin titi ba Seember ta biyo su da gudu.

"Oga, ka manta kuɗinka."

"Ban manta ba. Naki ne."

Ta tsaya riƙe da takardar kamar mai zafi. Daga cikin rumfa Mahmuda ya ɗaga murya: "To fa! Mu a nan in namiji ya ɓoye wa budurwa kuɗi, toshi muke ce masa. Dillali, ka ji an taya kayanka!"

Iorwuese ya yi dariya tare da kowa. Da ya koma kasuwa ya yi wa wani manomi faɗa a kan doyar da ba ta da laifin komai.

Ferdinand ya ci gaba da zuwa, kullum yana barin ɗarinsa. Seember ta gaji da bin sa titi. Amma ba ta iya riƙe kuɗin mutum haka kawai ba, don haka sai ta riƙa mayar masa a cikin kwano: ya sayi yanka biyu, ta ɗora masa uku a kai, a sama, kowa na gani. Iorwuese na zaune a gefe yana ƙirgawa. Biyar. Shi kuma sai ya yi ta lalube kafin ya samo nasa ɗayan a ƙasan agushi. Naman da ya yi shekara biyu yana masa daɗi ya koma masa kamar sadaka.

Ba Seember kaɗai ba ce. Agogon ma na cinsa, da yadda Mama Jumai ke cewa "ɗan jirgi ya iso" tana goge masa benci da zaninta. Shi da ya yi shekaru yana ɗora doya a mota har kafaɗarsa ta yi kanta, ba wanda ya taɓa goge masa wurin zama.

Ran wata Alhamis ya sayar da mota guda ta doya ga mutanen Onitsha. Ya zo rumfa shi kaɗai, ya ci. Ya biya Mama Jumai. Sannan ya zaro sabuwar ɗari biyar, ya tabbatar Mahmuda na kallo, ya ɗaga faranti ya danna ta ƙarƙashi. Ya fita a hankali, yana jiran ya ji takun gudu a bayansa.

Ba wanda ya biyo shi.

Washegari Mama Jumai ce ta tare shi, ta damƙa masa ɗari biyar ɗinsa a naɗe. "An ce in ba ka. Ni ban san me ka yi ba, amma jiya yarinyar nan ta wanke min tukunya ɗaya sau uku."

Seember ta kawo abincin ta ajiye. "Ga shi, Oga."

Ba ta taɓa ce masa Oga ba. Ya lalube miyar har ƙasan kwano. Yanka biyu.

Haka aka yi kwana huɗu. A na biyar ya samu Ferdinand a gidan yayarsa yana wanke farin takalmin da buroshi. Bai zauna ba.

"Ka zo da kuɗin jirgi ka ɓata min wuri. Kai ka ba ta ɗari ta ƙara maka nama. Ni na ba ta ɗari biyar ta daina kallona."

Ferdinand ya ajiye buroshin. "Kai ka sa mata kuɗi a ƙarƙashin faranti? Kai?"

"Naka hannun ne kawai ya iya?"

"Ai a gabanka ta tambaye ni, na faɗa mata. Wanda ba za ka sake gani ba ake yi wa haka. Ni baƙo ne, wata mai zuwa na tafi. Kai da za ka kai manyanka gidansu, sai ka sallame ta kamar fasinja?"

Sai yanzu Iorwuese ya zauna a bakin dakali.

"Kana ƙirga namana, ina ganinka," in ji Ferdinand. "Kowane yanka na biya shi. Wata tara ina yi wa mutane murmushi har kumatuna su yi tsami, ba wanda ya taɓa ɓoye min ko ƙashi a ƙasan miya. Tun ranar farko na ga kana tono naka, na ce wannan ɗan iskan ya fi ni." Ya ɗauki buroshinsa. "Tashi ka tafi, kana tare min rana."

Da ya isa rumfar la'asar ta yi, mutane sun ragu, sai Mahmuda da ke jiran fasinja yana sakace. Iorwuese ya ce a zuba masa sakwara da yanka biyu. Ya ci. Ya biya daidai. Da ya gama bai bar farantin a kan tebur ba, ya ɗauka da kansa, ya zagaya baya inda Seember ke tsugune gaban bahon wanke-wanke, ya miƙa mata. Ta karɓa, ta juya shi ta duba ƙasansa.

"Babu komai," ya ce.

"Na gani."

"An fara haƙar doya a Doma. Na yi wa kawuna magana, Asabar ta sama za mu je gidanku."

Ta ci gaba da cuɗa soso. "Ka gama zama ɗan jirgin?"

"Ban ko taɓa ganin teku ba."

"Ni ma na ce." Ta watsa ruwan kumfa kusa da ƙafarsa, ya ja baya. "Ka tafi, Mama na kallo."

Kashegari ya zo da wuri. Ya kai loma ta shida bai taɓo komai ba. Can a gefen kwano yatsansa ya ci karo da wani ɗan guntun ganda, ƙarami, mai tauri kamar ba a dafa ba. Ya ɗaga kai. Tana can wajen murhu ta ba shi baya.

"Dillali, yau me kake ta tauna haka?" in ji Mahmuda.

Iorwuese ya ci gaba da tauna, bakinsa a cike.