Gonar Baffa Sa'idu

Duk Auyo ba wanda ya kai Malam Badaru iya kukan Falasɗinu. In ya zauna a majalisa bayan la'asar ya soma jero unguwannin Ƙudus da aka ƙwace, sai ka rantse a can aka yanke masa cibiya, alhali iyakarsa Kano, ita ma neman taki ya kai shi.

Yana da abin tinƙaho kuwa. Wan mahaifinsa, Sa'idu, ya tafi hajji a ƙafa tun zamanin Turawa, ya zarce Ƙudus, ya yi aure a unguwar baƙar fata da ke jikin masallacin, bai dawo ba. Abin da Badaru ba ya faɗa shi ne, gonar shinkafar da ke ciyar da gidansa a fadama ta Sa'idu ce. Ba wanda ya ba shi, shiga kawai ya yi da ya ga shiru.

Ran nan yana cikin gonar sai ga kira daga Ƙudus. Najwa ce, jikar Sa'idu, ta bi dangi har ta samo lambarsa. Hausarta ta tsofaffi ce, irin ta kakanta.

"Baffa, kakana ya ce yana da gona bakin kogi, da tsamiya a gefenta. Tana nan?"

Tsamiyar ma Badaru ne ya sare ta don ya kafa injin ban ruwa.

"Tana nan, 'yata. Zuwa za ki yi?"

"Ba hali, Baffa. A nan aka haife ni, amma takardar zama kawai gare ni. In na tare wani wuri soke ta za a yi, a ce da kaina na bar gari. Mu tara ne a ɗaki biyu."

Wallahi daɗi ne ya fara kama shi, sannan kunya ta biyo baya, ta danne shi har ya zauna a kan kunyar gona.

"Ba abin da nake nema," in ji ta. "So nake in ji akwai wani wuri namu da ba wanda ya ƙwace. Wa ke noma ta?"

"Wani mutum ne."

"Mutumin kirki?"

Badaru ya daɗe yana kallon shinkafar, ta yi kyau bana kamar da gayya.

"Surutu dai gare shi. Turo mini sunayen magada, 'yata. Gobe zan kai shi gaban alƙali."