Jikar Ilu Maroƙi

Kwana tara ke nan Rauda ba ta ɗaga wayar ubanta ba. Alhaji Saley ya kira har ya gaji, ya sa matarsa Maimouna ta kira, ita ma saƙo guda ta samu: tana Paris, lafiya lau, kada a neme ta. Shi ya jawo wa kansa, ya kuma sani. Ranar da yarinyar ta kawo masa takardar makarantar waƙa a falonsu na Bron, a gefen birnin Lyon, ko dubawa bai yi ba ya ce ta zaɓa, ko waƙa ko gidansa. Ya zaci za ta yi kuka ta shige ɗaki. Sai ta ɗauki jakarta ta je ta hau taram, jirgin cikin gari.

Waƙar ma ba irin wadda yara ke ji a waya ba ce. Opera ce, tsohuwa ta can farko, wadda ko a cikin Faransawa masu furfura suka fi zuwa saurare. Rauda ta sha cika masa kunne da labarinta a wajen cin abinci. Wai a Italiya aka fara ta shekara ɗari huɗu da suka wuce, kuma sunan nan da ake jin sa da girma ba ya nufin komai sai “aiki”. Wai masu sarauta ne ke tara mawaƙa ranar bikin ’ya’yansu, a buɗe wasa da yabon mai gida kafin a shiga labari. Tana faɗa tana murna, shi kuwa sai ya ture kwanon tuwonsa gefe. Yabon mai gida a gidan biki, ai shi ba sai an ba shi labari ba.

Ubansa Ilu maroƙi ne a Damagaram. Saley ya ga yadda attajiri ke rungumar Ilu a taron biki, ya kuma ga yadda attajirin ya kore shi shi Saley da ya je neman ’yarsa. Da ya zo Lyon ya kafa cinikin atamfa da turare, sai ya riƙa gaya wa mutane Ilu tela ne. Shekara talatin yana faɗin haka, har wani lokaci yakan hango keken ɗinkin a ransa. Maimouna kaɗai ta san gaskiya.

Ga kuma zaɓen ƙungiyar ’yan kasuwar Nijar a Lyon, shi ne ɗan takarar shugaba. Wata shida yana bin shaguna da gaisuwa, babu suna ko ta’aziyyar da ta wuce shi. Babban tsoronsa wani dattijo ya ga hoton Rauda tana waƙa, ya tuna wani abu.

Safiyar zaɓen, yana gyara hula, Maimouna ta tsaya a bakin ƙofa. Ta ce ƙawar Rauda ta kira ta: yau ƙarfe biyu ne jarrabawar shiga makarantar, kuma yarinyar ta ce in ta ci, ba ta da sauran abin yi a Lyon.

“Alhaji, kujera kake so ko ’yarka? Jirgin ƙasan Paris na tashi ƙarfe goma.”

Ya tafi da babbar rigar da ya ɗinka don zaɓe. Tun kafin jirgin ya bar gari wayarsa ta fara ruri, masu goyon bayansa na tambayar ina yake. Ya kashe ta. Awa biyu yana shirya maganar da zai faɗa wa Rauda, duk wadda ya ɗauko sai ya ji ba za ta tsayar da ita ba.

A makarantar aka hana shi shiga zauren, aka nuna masa benci. Daga nan ya ji muryarta ta bayan ƙofa. Ko kalma ɗaya bai gane ba, amma ya gane yadda take jan murya har mutum ya ce numfashinta ya ƙare, sannan ta ɗaga ta sama ta yanke. Haka Ilu yake yi, kuma yarinyar nan ba ta taɓa jin Ilu ba. Ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba.

Da ta fito ta gan shi, ba ta gaishe shi ba. Ya bi ta har titi yana magana, rigarsa na kama iska. Can da ya ga babu sauran dabara, ya faɗa mata ko wane ne kakanta.

Ta tsaya tana kallonsa. “Tela ka ce mana, Papa.”

Ya ce haka ne.

“Shekara goma sha tara ina zaton ni ce na fita daban a gidanmu. Ka bar ni ina jin kunyar kaina, alhali ka sani.”

Ya roƙe ta, ya ce ya janye maganarsa, ta dawo ko na kwana ɗaya ne don uwarta. Ta ce *c’est trop tard*, lokaci ya wuce, ta juya ta nufi matakalar metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa. Ya san in ta sauka ƙasan nan, Paris ta haɗiye ta ke nan.

Abu ɗaya ya rage masa. Alhaji Saley ya ɗora hannu a kunne, a tsakiyar titi, cikin rigar zaɓe, ya buɗe muryar da ya rufe shekara talatin. Ta fito a dishe, sannan ta miƙe.

“Rauda ’yar Saley! Saley ɗan Ilu! Ilu maroƙin Damagaram!”

Mutane suka tsattsaya. Wani mai babur ya zaro waya yana ɗauka, Saley ya gan shi sarai, ya san kafin la’asar abin zai iya kaiwa Lyon. Rauda ta tsaya a mataki na uku, hannunta a kan ƙarfe, ba ta juyo ba. Ilu ya koya masa cewa ba a yin shiru sai wanda ake kira ya waiwayo, don haka ya ja numfashi ya sake daga farko.